Kafin A Ce A Yafe, A Fara Faɗin Waye Mai Laifi

Akwai wata al'ada a ƙauyukanmu da ta daɗe tana ci min tuwo a ƙwarya, wato yadda muke binne maganar haɗarin mashin tun jinin wanda aka buge bai bushe a titi ba. Mashin ya kaɗe mutum, jama'a sun taru ana salati, wani na tsaida mota wani na ɗaure ƙafar da rawani, kafin ma a ɗaga shi sai kaji wani babba daga gefe yace to ai tsautsayi ne, tsautsayi kuwa baya wuce ranarsa, a yi haƙuri a yafe. Shikenan magana ta mutu. Duk wanda ya sake ɗago ta bayan nan shine mara tawakkali, shine mai son abin duniya, har a dinga nuna shi ana cewa wai kuɗin jini yake so ya ci.

Ni ban ƙi yafiya ba, Allah ya sani, kuma babu musulmin da zai ƙi ta. Abinda na ƙi shine a yafe a madadin wani, a kuma matsa wa mutum ya yafe abinda shi kansa bai san girmansa ba tukuna. Mutumin da ke kwance ƙashi ya ɓullo waje bai san ko wata uku zai yi a kwance ko shekara ba, bai san ko ƙafar zata koma daidai ba, bai san ko sai ya saida gonarsa ba, amma an zagaye shi da dattawa ana jiran bakinsa, me kake so yace? Dole yace na yafe. Kunya ce ta yi magana a wurin, kuma mu da muka zagaye shi mun san haka.

Mu nan yankin Ringim zuwa Taura mashin shine komai namu. Shi ke kai mai naƙuda asibiti cikin dare, shi ke kai taki gona, shi ke ɗauko amarya da ƙawayenta, shi ke kai buhun riɗi kasuwa. A cikin birnin Kano tun watan Janairun 2013 aka hana acaɓa bayan harin da aka kai wa marigayi Sarki Ado Bayero, adaidaita sahu ta maye gurbi, amma a ƙauye babu abinda ya maye gurbin mashin ɗin Boxer, don akwai hanyoyin da in damina ta zauna ko akori-kura bata shiga. Ka tsaya bakin titi ranar Lahadi da ake cin kasuwar Gujungu, ko ranar Alhamis a hanyar Maigatari, ka ga abin da idonka: mutum huɗu a kan mashin ɗaya har da akuya a tsakiya, yaron da ƙafarsa bata gama kaiwa ƙasa ba yana tsula gudu don babansa ya aike shi, mashin ba fitila ana haska hanya da tocilan ɗin waya, birki kuwa sai dai a ja takalmi a ƙasa. Dokar ƙasa tace sai mai shekara 18 zai riƙe lasin, amma a garinmu in ka hana ɗan shekara 12 hawa mashin kai ne za a yi wa kallon mara son ci gaban yaro.

To kuma ba masu mashin kaɗai ba. Mu manoma muna shanya shinkafa da barkono a kan kwalta mu tare rabin hanya da duwatsu. Mu ke sakin tumaki su kwanta a titi. Mu ne in an taɓa buge yaro a gari sai matasa su fito da daddare su gina tudun rage gudu da ƙasa da itace, ba fenti ba alama, baƙo ya taho da asuba ya hau kai ya tashi sama. Duk waɗannan dalilai ne da suke da masu su, kowanne akwai hannun da ya yi shi. In duk muka tattara muka kira su tsautsayi to mun wanke kowa kenan, kuma gobe ma haka za a sake.

In kuma aka ce yau za a duba laifi, sai mu ɗauko wata doka da ban san wanda ya kafa ta ba, wai babba shine mai laifi. Mota da mashin, mai mota ne. Mashin da keke, mai mashin ne. Mashin da mai tafiya a ƙasa, ko da mutumin nan ya faɗo titi ne a guje bai waiga ba, mai mashin ne. Ga kuma ta biyu wadda ta fi muni, baƙo shine mai laifi. Direba ya taho a hannunsa da gudunsa daidai, ɗan gari ya fito daga lungu ba tsayawa ya shiga gabansa, kafin kace kwabo an fasa gilashi ana neman fetur, shi yasa direbobi da yawa basa tsayawa in sun buge mutum, ba wai duk rashin imani bane, tsoron ransu suke, kuma wanda ke asara a nan shine wanda aka bari kwance a titi da motar da zata kai shi asibiti ta gudu. Amma in ɗan gari ne ya buge ɗan gari, musamman in ɗan gidan masu hali ne ya buge ɗan talaka, nan take za a tuna da zumunci da maƙotaka. Wato inda ya kamata a yi sassauci muna yin zalunci, inda ya kamata a tsaya a bi haƙƙi kuma muna rufewa.

Abinda yafi bani mamaki shine da sunan addini ake wannan rufe-rufen, alhali addinin bai ce haka ba. Tun shekarar 2000 Kano da Jigawa suka ƙaddamar da shari'a, kotunan shari'a suna nan a ƙananan hukumominmu, malamai suna nan a kowane zaure. Aya ta 92 a Suratun Nisa'i ƙarara take, wanda ya kashe mumini bisa kuskure akwai diyya da za a miƙa wa iyalansa sai fa in su ne suka yi sadaka da ita, sannan ga kaffara ta 'yanta bawa, wanda bai samu abin 'yantawa ba yayi azumin wata 2 a jere. Ka lura, kuskure ake magana, ba ganganci ba. Allah da ya ƙaddara abin shine ya wajabta biyan, kenan cewa ƙaddara ce baya sauke nauyin daga kan kowa. Kuma kaffarar nan haƙƙin Allah ce, ko dangin mamaci sun yafe dubu tana nan a wuyan mutum. Nawa ne daga cikin samarin da suka taɓa kashe rai da mashin a garuruwanmu aka zaunar da su aka gaya musu haka? Yawanci ana gama sadakar uku yaro ya koma tasha kamar ba a yi ba, wani ma ba don taurin zuciya ba, babu dai wanda ya faɗa masa.

Malamanmu na Malikiyya basu bar komai a duhu ba. Duk wanda ya yi karatun Risala a zaure ya wuce wurin da aka ce mai kora dabba da mai janta da wanda ke kanta duk suna lamunce abinda ta taka. In mahayin doki zai biya, ina ga mahayin ƙarfen da shi ke murɗa masa wuta da hannunsa? Diyyar rai raƙuma 100 ce ko dinari 1,000 na zinare, wanda a kuɗin yau ɗaruruwan miliyoyin naira ne. Hannu ɗaya rabin diyya, ƙafa ɗaya rabi, ido ɗaya rabi, yatsa raƙuma 10, haƙori raƙuma 5. Ba na kawo wannan lissafin bane don ina tunanin akwai ɗan acaɓan da zai iya biya, na kawo ne don mu ga darajar da Musulunci ya ba jikin ɗan Adam, sannan mu dubi abinda mu muke yi, a kai wa mutumin da ya rasa ƙafa lemo da kankana da N5,000 a ambulan a ce Allah ya kiyaye gaba.

Akwai wani maƙocinmu, dako yake yi ranar kasuwa, sauran ranaku kuma ƙwadago a gonakin mutane. Wani yaro ya kwashe shi da mashin da magariba yana tafiya a gefen hanya, ba fitila, kowa ya shaida. Uban yaron mutumin kirki ne wallahi, ya zo da kansa, ya biya kuɗin mai ɗori na farko, aka taru aka ce an yafe aka shafa fatiha. Bayan 'yan makonni ƙafa ta kumbura ta fara wari, dole aka kwashe shi zuwa Kano, likita yace sai an yi aiki an sa ƙarfe. A lokacin ne kuɗi na gaske suka taso, amma wa zai koma gidan uban yaro? An riga an shafa fatiha. Matarsa ta saida awakinta, aka jinginar da 'yar gonar gado, babban ɗansu ya bar makaranta ya tafi birni tura baro. Yau mutumin nan da sanda yake tafiya, baya iya ɗaukar ko rabin buhu. Yaron da ya buge shi kuwa an canza masa sabon mashin. Ban ce a ɗaure yaron ba, ban ce a tsiyata ubansa ba, amma a ce gida ɗaya ne kaɗai zai ɗauki asarar abinda gida biyu suka shiga, kuma gidan da bashi da laifin, wannan ba adalci bane ko waye ya shafa fatihar.

Na san abinda za a ce min, kuma gaskiya ne. Za a ce malam ɗan acaɓan nan fa shima abin tausayi ne, mashin ɗin ba nasa bane, balas yake kaiwa kullum, tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 wani sai ya wuni bai haɗa kuɗin mai da na balas ba balle na cefane, shima ga shi can da karaya a hannu, me zaka karɓa a wurinsa? Haka ne. Amma ai shari'a ta riga mu ganin wannan, shi yasa diyyar kuskure bata ɗora ta a kan mutum ɗaya ba, ta ɗora ta a kan aƙila, wato danginsa na wajen uba su haɗu su biya, a rarraba cikin shekara 3, kuma a mazhabarmu duk raunin da ya kai sulusin diyya su ne ke ɗauka, wanda bai kai ba ne mutum ke biya daga aljihunsa. Hikimar a fili take, kar jinin wani ya tafi a banza, kar kuma a karya wanda ya yi kuskure. Mu sai muka yar da aƙilar gaba ɗaya, muka riƙe rabin maganar, wato kar a karya mai kuskure, ɗaya rabin kuma ko oho.

To in dangi sun watse kowa na fama da kansa, su waye zasu tsaya a wurin aƙila yau? Ni a ganina na farko shine mai mashin ɗin. Alhajin da ya sayi mashina biyar ya raba wa yara yana karɓar balas duk yamma, bai taɓa tambayar ko akwai birki ba, bai tambayi shekarun yaron ba, ranar da aka yi haɗari sai yace shi dai a fito masa da mashin ɗinsa. A'a alhaji, wanda ke cin riba shi ke ɗaukar asara, wannan ƙa'ida ce da duk ɗan kasuwa ya sani. Haka uban da ya miƙa wa ƙaramin yaro makulli, ba yaron za a kama ba, shi za a tambaya.

Na biyu ƙungiya. Kowace tashar 'yan acaɓa akwai shugaba da sakatare da mai yankar tikiti, kullum ana karɓar kuɗi. Ina suke tafiya? In biki ko suna ya tashi ana yin karo-karo, wannan abu ne mai kyau, to me zai hana a ware wani kaso daga tikitin nan a buɗe asusu na musamman wanda ba a taɓa shi sai ranar haɗari, a rubuta a littafi, mutum uku su sa hannu kafin a cire, a karanta lissafi a gaban kowa duk wata. Mu da muka iya adashi tun kakanni wannan ba zai gagare mu ba. Kuma ranar da kuɗin kowa ke fita saboda gangancin mutum ɗaya, ranar ce 'yan tasha da kansu zasu fara ƙwace makulli daga hannun mai shan ƙwaya da mai tseren banza, abinda jami'an hanya suka kasa yi shekara da shekaru.

Na uku inshora, wadda mu a ƙauye muke ɗauka takarda ce kawai ta nuna wa ɗan sanda. Doka ta wajabta inshorar da ke biyan wanda ka yi wa ɓarna, kuma wannan wajibcin tun zamanin Turawa yake. A farashin da hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta fitar ya fara aiki a Janairun 2023, na mashin N3,000 ne a shekara, kuma yana ɗaukar ɓarnar dukiya har ta naira miliyan 1, ga kuma rauni ko asarar rai da shi ma yake ɗauka. Daga 1 ga Fabrairun 2025 'yan sanda suka ce sun fara kama marasa ita. Matsalar biyu ce, mafi yawan mashinan ƙauye ko lamba basu da ita balle inshora, waɗanda suka yi kuma da yawa ta bogi ce aka buga musu a bakin ofis, ranar biya babu kamfanin da ya san da su. Ga kuma masu ƙyamarta saboda addini, su ma yanzu akwai kamfanonin takaful da aka gina a kan tsarin taimakekeniya na Musulunci. Ban ce karɓar kuɗi a hannun kamfani abu ne mai sauƙi ga mutumin da bai iya karatun boko ba, akwai wahala, suna neman rahoton 'yan sanda da takardun asibiti, amma in ƙungiya ce ta yi wa 'ya'yanta a dunƙule, sakatare ɗaya mai ilimi ya isa ya bi wa kowa.

Rahoton 'yan sandan nan shine inda mutanenmu ke tsayawa, kuma ban ga laifinsu sosai ba. Kowa na tsoron a kai mashin caji ofis ya kwana biyu ya zama wata shida rana da ruwa suna dukansa, ga zirga-zirga, ga kashe kuɗin da ya fi na maganin. Shi yasa ake gudu wurin mai unguwa ko dagaci ko 'yan Hisba. Ni ma na fi son sulhu, ya fi sauri, ya fi rufin asiri, kuma gobe mutanen nan a masallaci ɗaya zasu yi sahu. Amma sulhun a yi shi da ido buɗe. A ranar da abin ya faru magana ɗaya ce, a ceci rai, a kai asibiti, kuma mutane su sani dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa, lambar 'yan kiyaye haɗura kuma 122 ce. Mai waya ya ɗauki hoton wurin kafin a janye mashin, a riƙe sunan mutum biyu uku da suka gani da idonsu. Maganar yafiya kuwa a ajiye ta sai likita ya faɗi abinda ake ciki. Sannan a zauna, a fara da tambayar da muke gudu, waye ya yi ba daidai ba? In laifin na ɓangare biyu ne a faɗa, a raba nauyin gwargwadon haka. In wanda aka buge ne ya jawo, shima a gaya masa cikin mutunci, kar a ɗora wa mai mashin don kawai shine bai ji ciwo ba. A lissafa kuɗin magani da rasit, a lissafa kwanakin da mutum zai yi baya nema, a rubuta a takarda kowa ya sa hannu ko ya dangwala. Bayan duk wannan in mai haƙƙi yace na yafe rabi, ko na yafe duka, to Allah ya saka masa, ya yi sadakar da ya san nauyinta, kuma wanda aka yafe wa zai san abinda aka sauke masa.

Fasinja ma ana mantawa da shi. Matar da ta hau acaɓa ta biya kuɗinta aka zubar da ita saboda gudun banza tana da haƙƙi, ba wai sai wanda aka buge a ƙasa ba. Mu kuma masu hawa mu ji tsoron Allah da maganar hular kwano, tun 2009 aka ce dole ne, a lokacin har ƙoƙon duma wasu suka dinga kifawa a ka don su wuce jami'ai, yau ga shi raunin kai ne ke kai samarinmu kabari ko ya bar su ba hankali.

Inda abin yafi yi min ciwo shine in an rasa rai. Ana zaman makoki a ƙofar gida, dangin wanda ya yi kisan sun zo da dattawansu, sai wan mamaci ko baffansa ya miƙe yace mu mun yafe duniya da lahira, a yi ta sa masa albarka. Matar mamacin tana cikin ɗaki tana takaba ba wanda ya leƙa ya tambaye ta, 'ya'yansa ƙanana suna wasa a tsakar gida basu ma san me ake ciki ba. Baffa, da wane iko? Diyya gado ce, ana raba ta yadda ake raba sauran dukiyar mamaci, matar tana da tumuninta a ciki, 'ya'ya suna da kasonsu, kuma in akwai ɗa namiji wan mamaci ko sisi bashi da shi. Babba mai hankali zai iya yafe nasa kason, amma kason maraya babu mai ikon kyautar da shi, ko waliyyinsa ne, don shi aikinsa tsare dukiyar yaron ne. Wanda ya yafe ɗin nan kuma sau da yawa ba shi zai ciyar da su ba, bayan arba'in kowa ya kama gabansa, sai ka ga yaran a tasha da robar bara ko yarinya da farantin talla.

Don haka roƙona ga limamanmu na Juma'a da masu unguwanni da dagatai, ku ne ake kira a irin wannan zaman, ku ne kuma ake jin maganarku. Duk zaman da aka kira ku a kan rai, kafin a ɗaga hannu a yi fatiha ku tambaya su waye magada, a aika mace ta shiga ta ji ta bakin matar ita kaɗai ba a gaban surukai ba, in akwai marayu a rubuta kasonsu ko da biyan zai ɗauki shekaru ana kawowa kaɗan-kaɗan, ko buhun gero ne duk kaka, ko kuɗin makaranta, a sa wanda zai dinga bibiya, sannan a ja yaron da ya yi kisan gefe a gaya masa maganar azuminsa.